Na Tambayi 'Yan Sanda Kafin a Ɗaura, Kuma Ban Ba Kowa Haƙuri Ba

Shekarar da abin ya faru, ni mace ce da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya a ƙasar da ba tata ba. Muna zaune a Edmonton, wata unguwa a arewacin London, a wani gidan haya na ƙaramar hukuma mai ɗaki biyu. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi, yarinyar kuma tana firamare, shekararta takwas. Ban cika magana ba a lokacin. Idan aka taru wurin suna ko walima, ni ce a kicin ina wanke tukwane, kuma duk abin da manya suka yanke sai in ce to. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san ba a san ni da taurin kai ba, daga baya na koya. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har nawa.

Yayan marigayi mijina, wanda nake kira Yaya, shi ya kawo maganar mutumin. Ya ce zaman mace ita kaɗai a London ba zama ba ne, ga wani bawan Allah ya dawo daga arewacin Ingila, ya rabu da matarsa, yana neman mace mai hankali. Mutumin yana da mota babba ta kai kaya, kuma cikin ɗan lokaci ya shiga ran jama'armu. Shi ne mai kai mutane filin jirgi, shi ne mai ɗauko kujeru ranar Sallah. Da muka fara magana ban ga aibunsa ba. Muryarsa a ƙasa take, ba ya gaggawa, kuma abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne yadda yake kula da 'yata. Bai taɓa zuwa hannu rabbana ba, kullum da wani abu nata. Da ya ji maƙwabciyata Baturkiya ce take ɗauko ta daga makaranta ranakun da nake aikin yamma, sai ya ce wannan wahala ta ƙare, shi zai riƙa ɗauko ta.

Abu biyu suka sa na fara jin wani iri. Na farko, da na ce zan ba makaranta sunansa a cikin masu izinin ɗaukar yarinyar, sai ya ce ba sai an rubuta ba, in gaya wa malamar kawunta ne kawai. Na biyu, wata rana ina yi mata kitso ta ce min, da Turancinta, Uncle ya ba ta cakulan ya ce sirrinsu ne su biyu, kada Mama ta ji. Ban nuna mata komai ba. Washegari na gaya wa wata abokiyar aikina, 'yar zangon Kumasi da ta taɓa zama a Amurka. Ta ce ai abu ne mai sauƙi, can idan kana shakkar mutum sunansa kawai za ka buga a intanet, in an taɓa kama shi da laifin lalata da yara hotonsa da unguwarsa za su fito. Na buga sunansa ta kowace fuska, ban ga komai ba. Na yi istigfari a kan mugun zato, na ci gaba da buɗe masa ƙofa. Wannan shi ne kuskurena.

Duk da haka na ƙudurta sai na rubuta sunansa a makaranta, ko ya so ko bai so ba. Malamar da ke kula da lafiya da tsaron yara ta tambaye ni tun yaushe na san shi. Na ce kada ta damu, na riga na bincika a intanet. Sai ta rufe ƙofar ofis, ta ce in zauna. Ita ta fahimtar da ni cewa nan ba kamar Amurka ba ne. Akwai rajistar waɗanda kotu ta samu da irin wannan laifi, amma a hannun 'yan sanda take, ba a buɗe ta ga jama'a. Wanda yake ciki dole ya sanar da su inda yake zaune, da duk sunan da yake amfani da shi, da tafiyarsa ƙasar waje, da kuma idan zai zauna a gidan da akwai yaro. Don haka rashin ganin suna a intanet ba ya wanke kowa. Amma ta ce uwa, ko duk mai damuwa da wani yaro, tana da haƙƙin tambayar 'yan sanda game da mutumin da ke kusantar yaron, kuma ba sai tana da hujja ba.

Daga tashar bas na kira 'yan sanda, kafin zuciyata ta karaya. Suka tambayi sunansa, shekarunsa, adireshinsa, da ko yana keɓewa da yarinyar. Suka ce kafin su gama bincike kada in bar su su kaɗai. Daga baya aka kira ni ofishinsu, na je da fasfona da takardar haihuwarta. An gaya min a fili cewa abin yana ɗaukar makonni, cewa mai yiwuwa babu abin da za a faɗa min, kuma mai yiwuwa shi ma ya san an tambaya. A wannan tsakanin Yaya ya riga ya sa ranar ɗaurin aure, matarsa, wadda nake kira Anti, tana turo min hotunan atamfa in zaɓa. Na mayar da yarinyar hannun maƙwabciyata, na riƙa yi wa mutumin ƙaryar an canza min lokacin aiki.

Wata safiya bayan na dawo daga kai ta makaranta, jami'ai biyu suka zo cikin kayan gida, mace da namiji. Kafin su ce komai suka sa na sa hannu cewa abin da za su faɗa nawa ne ni kaɗai, don in kare 'yata, ba zan gaya wa kowa ba, ko uwata, kuma idan na yaɗa shi hukuma na iya hukunta ni. Na sa hannu, kuma na cika alkawari, don haka a nan ma ba zan rubuta shi ba. Mai karatu dai ya san ba sa zuwa har gida su sa mutum ya sa hannu don su ce masa babu komai. Daga baya wata ma'aikaciyar jin daɗin yara ta zauna da yarinyar, aka tabbatar abin bai wuce kyaututtuka da ƙananan sirrika ba. Allah ne Ya tsare.

Ranar na kira Yaya na ce na fasa. Ya tambayi dalili, na ce ba zan iya faɗa ba. Ba a jima ba 'yan sanda suka je wurin mutumin, shi kuma ya riga ni zuwa wurin jama'a. Ya ce wani tsohon sharri ne aka taɓa yi masa, ni kuma na samu wani saurayi shi ya sa na tono shi don in rabu da shi. Aka kira ni gidan Yaya a Croydon, can kudancin London. Na tarar da dattawa uku a falo, Anti tana bakin ƙofar kicin. Suka yi ta magana a kan rufa asirin Musulmi, da kunyar kai ɗan uwa wurin hukumar Turawa, da cewa duk wanda ya tuba Allah Ya yafe masa. Daga ƙarshe Yaya ya ce in kira mutumin in ba shi haƙuri a gabansu.

Na ce, "Yaya, ku gafarce ni. Tubansa tsakaninsa da Allah ne, ban shiga ba. Amma yarinyar nan 'yar ƙaninku ce, kuma a cikinku babu wanda ya tambaye ni ko lafiyarta ƙalau."

Yaya ya ce, "To ki faɗa mana abin da suka gaya miki."

Na ce, "Ba zan faɗa ba. Lambar da na kira kowa na iya kira."

Na ɗauki jakata na fita ba tare da an sallame ni ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Kafin in isa gida an kira mahaifiyata, Hajiya, a Zariya. Ta yi kuka a waya, ta ce na zubar mata da mutunci. Na ce ta yi haƙuri ta yi min addu'a, wata rana za ta gane. Ita ma ban gaya mata ba.

Abin da ya fi wahala ya zo bayan haka. Na ji cewa wata ƙawata mai yara uku ta fara barin su a motar mutumin ranar Asabar, yana kai su Islamiyya. Na kira jami'ar da ta zo gidana na gaya mata, sannan na je wurin ƙawar tawa na ce ba zan iya ce mata komai ba, amma ta je ta yi tambayar da na yi. Ta ce baƙin ciki nake yi, ta fitar da ni daga zauren WhatsApp na mata. Bayan wani lokaci muka haɗu a kasuwar Edmonton, wurin mai kifi. Na juya zan wuce, ta riƙo hannuna ta matse, idonta ya cika. Na gane ita ma an je gidanta, ita ma ta sa hannu. Mutumin ya bar unguwar daga baya. Yaya bai taɓa ɗaga maganar ba, kuma har yau akwai gidajen da ba a gayyatata suna.

Abin da na koya shi ne, mu mutane ne masu auna mutum da gaisuwarsa da hidimarsa, kuma mai neman yaranmu ya san haka sarai. Na yi nadamar yarda da intanet, na yi nadamar makonnin da na ɓata ina zargin kaina da mugun zato. Tambayar kuwa ban yi nadamarta ba, kuma da za a mayar da ni falon nan abin da na faɗa zan sake faɗa. 'Yar'uwa, idan babban mutum ya ce wa ɗanki su yi sirri, ko ya ƙi a rubuta sunansa inda ake rubuta na kowa, kada ki jira hujja, kada ki jira izinin dattawa. Ki kira 'yan sanda ki tambaya. Idan babu komai, ba ki cuci kowa ba. Idan akwai, za su zage ki, za su daina gaishe ki, kuma ba za ki iya kare kanki da kalma ɗaya ba. Na ɗanɗana, ana iya rayuwa da shi. 'Yata tana sakandare yanzu, tana dariya da ƙarfi, tana barci lafiya, ba ta ma tuna fuskar mutumin sosai. Duk wanda yake jiran in ba da haƙuri a kan wannan, zai daɗe yana jira.