Na Saya Wa Ɗana Littattafan Wasu, Na Ce Nasa Ne

A lokacin da wannan abu ya faru ni mace ce mai ji da kanta, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ma'aikaciyar jinya ce ni, 'yar Kaduna, na shekara da yawa ina aiki a wani asibiti a Washington. Mijina ya rasu ya bar ni da ɗa guda namiji, na tsaya da ƙafata har na kai shi jami'a. A coci ni ake kira idan miji da mata sun saɓa, ni ake tambaya idan za a sayi kayan biki, don an san ba a cutata a ciniki. Na tashi a gidan da uwa ba ta ba ɗanta haƙuri. In ta yi masa ba daidai ba, iyakaci ta ƙara masa nama a miya, shi kuma ya gane. Da wannan halin na ƙetaro teku, kuma shi ya kai ni inda nake yau. Shi ya sa na rubuto muku, Edita, ko wata uwa za ta karanta ta tsaya tun da sauran lokaci.

Ɗana yana da wasu littattafan labari na zane-zane, waɗanda yaran nan ke kira komik. Tun yana ƙarami babansa ke kai shi wani shago a unguwar Annandale ran Asabar, su sayo ɗaya ko biyu, su zauna a falo suna karantawa suna dariya. Ni kuwa tsaki nake yi, ina cewa ƙaton mutum da gemu ya zauna kallon hotunan mutane masu tashi sama. Bayan rasuwar uban, yaron ya sa kowane littafi a leda, ya jera su a kwalaye a ƙarƙashin gadonsa. Na ga yana yi, amma ban taɓa tambayarsa dalili ba. A idona tarkacen yara ne da ya kamata a ce ya girme su.

Da na samu sabon gida a unguwar Fort Washington, yana makaranta lokacin tashi ya zo. A daidai lokacin kuma ina haɗa ganga zan aika wa ƙanwata a Kaduna, irin wadda muke cikawa da tufafi da takalma da kwanuka a tura ta jirgin ruwa. Duk wadda ta taɓa haɗa ganga ta san ba a barin rami a ciki, in ba haka ba kayan fashi su isa a farfashe. Sai na jawo kwalayen nan, na zare littattafan daga leda, na cusa su tsakanin faranti da kofuna. Sauran na zuba a sama, na ce wa ƙanwata ta raba wa yaran makarantar Lahadi. Har daɗi na ji, ina ganin na rage kaya kuma na yi alheri.

Da ya dawo hutu ya nemi kwalayensa, na faɗa masa gaskiya ba tare da ko ɗar ba. Bai ɗaga mini murya ba. Ya tsaya yana kallona, sannan ya ce da Turanci abin da ya rage masa na babansa ke nan. Yaran da aka haifa a nan suna jin Hausa amma da Turanci suke amsawa, shi ma haka yake. A nan ya kamata in ce ya yi haƙuri. Maimakon haka sai na hau shi da faɗa, na ce ni da na biya masa kuɗin makaranta zai tsare da ido a kan takardun banza. Washegari ya koma makaranta tun hutu bai ƙare ba. Na kira ƙanwata a ɓoye ko za a samu wani abu, ta yi dariya ta ce ai yara sun yayyaga su tuni, sauran kuma ta ba mai ƙosai ta bakin layi tana naɗe wa mutane.

Daga nan waya ta yi wuya tsakaninmu. In na kira sai ya ce yana aji, in ya ɗauka gaisuwa ce kawai. Ya gama karatu ya samu aiki a cikin gari, bai fi tafiyar jirgin ƙasa da bas tsakaninmu ba, amma sai wata ya wuce ban sa shi a ido ba. Abin yana cin raina ƙwarai, ina kuka a mota kafin in shiga aiki, amma bakina ya ƙi furta kalmar nan. Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini a wayarta cewa ana gwanjon irin waɗannan littattafan a intanet, ba ɗai-ɗai ba, kwali guda cike, wanda ya fi taya shi zai ɗauka. Ina gani na ji kamar an sauke mini kaya. Na ce a raina ashe abin saye ne, to in dai saye ne an zo wurina.

Mai sayarwa na farko ya rubuta cewa littattafan kamar sababbi suke, ba yaga, ba tabo, an adana su tun fitowarsu. Ya sa hoton guda biyar ko shida suna sheƙi. A lokacin cin abincin rana na zauna ina tayawa, wani da ban sani ba yana ƙarawa ina ƙarawa, zuciyata ta hau, na rantse ba zai kayar da ni ba. Na ci gwanjon, har da murna. Da kwalin ya iso, na sama suna nan kamar yadda aka nuna. Da na zura hannu ƙasa sai wari ya buge ni, warin takardar da ta sha ruwa ta bushe. Wasu babu bango, wasu ƙarfen da ya riƙe su ya yi tsatsa ya ci takarda, wasu yara sun yi musu zane da biro, wani kuma iri ɗaya ne aka maimaita shi ya fi a ƙirga. Ni da ba na sayen kwandon tumatir a kasuwa sai an juye mini na ga na ƙasa, ga shi an sayar mini da hoto. Na rubuta wa mutumin da zafi, ya amsa a taƙaice cewa kyawun littafi ra'ayi ne, kuma ya rubuta tun farko ba a mayar da kaya. Na duba, lallai ya rubuta, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe.

Mai hankali da ya tsaya a nan. Ni kuwa sai na ce wannan ne mugu, na gaba zai fi. Na sake saye a hannun wani, na sake a hannun wata, da tunanin in tsince masu kyau daga kowane kwali in haɗa guda mai daraja. Duk bakinsu ɗaya, kowa nasa kamar sabo ne, kuma duk cikinsu ɗaya. Na karɓi ƙarin aiki a asibiti don in riƙa biya, ɗakin ƙasa na gidana ya cika da kwalaye. Rannan na ɗebi wasu na kai shagon nan na Annandale. Mai shagon, wani dattijo, ya juya su a hankali, ya ce mini haka yawancin masu sayarwa a dunƙule suke yi: su zare masu daraja su sayar daban, su tara ragowar su yaba su fiye da kima, don sun san mai saye ba zai gani ba sai ya biya. Ya tambaye ni waɗanne ne ɗan nawa yake da su. Ni kuwa ko sunan guda ban sani ba. Ya ce in tambayi yaron mana. Na yi masa godiya na fito, na san ba zan tambaya ba.

Abin da na yi bayan haka shi ne ya fi komai muni. Na zauna na zaɓi waɗanda suka fi dama, na goge masu lanƙwasa da dutsen guga, na sayo leda na sa su. Ba su cika kwali ba, sai na cika ƙasan da masu tabo, na jera masu kyau a sama. Ina yi ina sane da abin da nake yi. Sannan na kira shi na ce ƙanwata ta tattaro littattafansa daga hannun mutane ta aiko, suna nan suna jiransa. Sai na ji ya tambaye ni da Hausa, da Hausarsa mai karyewa, ko da gaske nake. Rabon da in ji Hausa a bakinsa har na manta. Na ce da gaske.

Ran Lahadi bayan coci ya zo. Ya gaishe ni har ƙasa kamar yadda babansa ya koya masa, na yi masa tuwo da miyar kuka, amma bai jira abinci ba. Ya durƙusa gaban kwalin ya buɗe. Ya ɗaga na farko, ya ɗaga na biyu, na ga fuskarsa ta canza. Ya zura hannu har ƙasa ya ciro wani mai tabon ruwa, ya daɗe yana kallonsa. Ya tambaye ni a hankali ko daga Kaduna waɗannan suka zo. Na ce eh. Ya sake tambaya, yana kallon cikin idona, kuma yanzu na gane hanya yake ba ni in fita. Na ɗaure fuska na ce Allah ne shaidata. Sai ya mayar da littafin, ya rufe kwalin. Ya ce babu ko ɗaya a ciki da ya taɓa zama nasa. Ya ce ya kusa haƙura da littattafan tun tuni, kalma ɗaya yake jira daga gare ni, amma yanzu na kira sunan Allah a kan ƙarya ina kallonsa, bai san me zai sake yarda da shi daga bakina ba. Ya ɗauki makullin motarsa ya fita, tuwon yana kan tebur.

Na ba shi haƙuri daga baya, ba sau ɗaya ba, da kuka, a waya da kuma a ƙofar gidansa. Ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da ake ce wa wanda ya taka ka a bas. Fasto ya sa baki, ya saurara da ladabi, bai canza ba. Ana Kirsimeti zai turo gajeren saƙo, in na yi rashin lafiya zai tambaya ko ina da magani, shi ke nan. Ko labarin yarinyar da yake nema a bakin matan coci na ji. Ina addu'a, amma ba zan yaudare ku in ce ina ganin haske ba. Yaron da ya tambaye ni da Hausa a waya ran nan, ban ƙara jinsa ba.

Don haka ina gargaɗin duk mai sha'awar gwanjon intanet: kada ku yarda da yabon mai kaya a kan abin da hannunku bai taɓa ba, kuma in an cuce ku sau ɗaya ku tsaya, kada ku bi da wani kuɗin. Iyaye 'yan'uwana kuma, musamman mu da muke renon yara a ƙasar da ba tamu ba, kada ku taɓa abin da ɗanku ya adana sai kun tambaye shi mene ne. In kun yi kuskure ku buɗe baki ku ce ya yi haƙuri a ranar, girmanku ba zai ragu ba. Ni na ɗauka zan iya sayen abin da zai hutar da ni faɗin kalma ɗaya, sai na zama irin mutanen da suka cuce ni, kuma ɗan cikina na cuta. Kwalayen suna nan a ɗakin ƙasa har yau. Ba zan iya sayar da su ba sai na yi wa wani ƙarya, kuma hannuna ya ƙi sake zubar da littafi.