Mai-sito da Mujiyoyin Yaya

Mijin yayata ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tsaron sito a wata masana'antar fenti, shi ya sa har yau ba mai kiransa da wani suna sai Mai-sito. Aikinsa a can bai wuce jera gwangwanaye a kanta ba. Ya juya kowanne lambarsa ta kalli ƙofa, ya share ƙasa, ya zauna yana karkaɗa makullai. A wurinsa duk abin da ido bai gani a jere ba, to babu shi a duniya. Da wannan kan ya yi ritaya, da shi kuma ya bi Yaya gidan gonar da mahaifinmu ya bar mana.

Yaya ce ta nemi komawa can. Idanunta sun fara mutuwa, ta ce gara ta zauna inda ƙafarta ta san hanya. Ni ɗinki nake yi a gari, sai ƙarshen mako nake leƙa su.

Wata bai zagayo ba Mai-sito ya zama masanin namun daji. Ya sayo madubin hangen nesa na hannu, ya sa na ɗinka masa falmaran mai aljihu ko'ina, ya cika su da tarkace. In ya shiga daji sai ka ce amalanke ya taho: makullai na ƙara, waya na kuka, shi kuma yana yi wa kansa bayani da ƙarfi. Duk abin da ke da ƙafa ko fiffike ya gudu tun kafin ya iso. Bai taɓa ganin fuskar zomo ba, sai dai bayansa. Ran da ya hango kurege a kan dutse, ya dawo yana haki wai ya ga ɗan damisa.

Na ce, "Mai-sito, damisar da ke cin gyaɗa?"

Ya ce, "Ke Auta, me tela ya sani a harkar daji? Ki tsaya a kan zarenki."

Yaya dariya kawai take yi. Ita nata kallon da kunne take yi. A bayan gidan akwai tsohon ɗakin injin ban-ruwa, rufinsa ya faɗa ta gefe guda, ciyayi masu yaɗo sun lulluɓe tagarsa ruf. Tun muna yara mujiyoyi ke zaune a ciki, waɗannan su tafi waɗansu su gaje su. Mutane ba sa son mujiya, amma Baba bai taɓa bari an jefe su ba. Kullum rana ta doshi faɗuwa sai a fito wa Yaya da kujerarta gindin katanga. Namijin ya fara kira da babbar murya, macen ta amsa daga ciki. Wani lokaci bushiya ta zo tana kwaramniya a busasshen ganye, fakara na hayaniya can bakin rafi, Yaya tana faɗa mini su ɗaya bayan ɗaya. Ta taɓa ce mini, "Auta, ban da su ban san yamma ta yi ba. Safe da yamma duk hazo ɗaya ne a idona." Wannan ɗan zaman ne kaɗai abin da ciwon bai ƙwace mata ba.

Ana nan sai Mai-sito ya samu labarin tsofaffin abokan aikinsa za su kawo masa ziyara ranar Asabar. Ashe ya daɗe yana cika musu baki a waya, wai yana da mujiyoyi nasa na kansa, kowa ya zo da kyamara. Sai dai shi kansa bai taɓa ganinsu sosai ba, don yaɗon da ke tagar ya tare. Wannan abu ya tsaya masa a wuya. Kaya na cikin sito amma ba a ganinsa? Ai sakaci ne.

Ranar Alhamis da hantsi, maƙwabciya ta raka Yaya asibitin ido. Gogan naka ya ɗauko adda da tsani. Ya sare yaɗon nan kaf, ya ɓalle katakon da ya rage a tagar don haske ya shiga, ya hau ya share ciki da tsintsiya, ya kwashe ƙazanta da gashin ɓeraye da ya tarar. Ƙwai biyu da ya gani a lungu, ya matso da su bakin taga don su fito a hoto. Bai tsaya nan ba. Ya shafe bangon da farin fenti, ragowar wanda ya taho da shi daga aiki, ya kafa benci a gaba, ya rubuta MUJIYA da manyan baƙaƙe a saman tagar, ko da wani zai ɗauka kaza ce.

Da na iso ranar Juma'a, shi ya tare ni a ƙofa, hannu duk fenti, baki har kunne.

"Zo ki ga aiki, Auta. Wurin nan bai taɓa samun mai kula ba sai yanzu."

Na tsaya na kalli ɗakin, fari fat, tagar a wangale rana na duka har ciki. Raina ya ɓaci har na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Ina tsuntsayen?"

"Sun ɗan fita. Da na hau tsani suka tashi. Za su dawo su tarar da wuri tsaf."

"Yaya ta sani?"

Ya sosa ƙeya. "Jiya ba ta fito ba, maganin da aka ɗiga mata ya sa ta barci. Kar ki tayar mata da hankali a kan abin da bai kai ya kawo ba."

Abokan sun zo ranar Asabar, sun zauna a benci cikin rana suna kallon ramin da ba komai. Ɗaya ya ɗauki hoton ƙwan da suka riga suka yi sanyi. Mai-sito yana tsaye da madubi a wuya yana ba su tarihin mujiya, yadda take juya kai da yadda take gani a duhu, duk abin da ya haddace daga waya. Suka ci abinci, suka yaba fentin, suka tafi.

Yaya ta yi yamma biyu a kujerarta ba ta ji komai ba. Ba ta tambayi kowa ba. Ni ma na kasa faɗa mata.

Ranar Lahadi, ina shirin komawa gari, na ga Mai-sito yana saɗaɗawa bayan ɗakin injin, waya a hannu. Ya samo kukan mujiya a intanet. Shi a dabararsa, tunda matar ba ta gani, ai shi ke nan. Ya ɓuya ya danna. Kuka ya tashi, ya tsaya, ya sake tashi daidai yadda ya yi na farko, ba ragi ba ƙari. Babu macen da ta amsa. Can ƙasa-ƙasa kuma makullai na ƙara, don ko a nan bawan Allahn bai iya tsayuwa wuri ɗaya ba.

Na kalli Yaya. Ta karkata kai tana saurare, hannuwanta a kan gwiwa. Ta bari abin ya zagayo sau uku ko huɗu.

Sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Malam, fito haka nan. Sauro zai cinye ka."

Kukan ya yanke a tsakiya. Ya fito yana kakkaɓe falmaran, yana wata dariyar da ba ta da gindi. "Au, kin gane? Gwaji nake yi, wai ko za su ji su dawo."

"Tun ranar Juma'a nake jin warin fenti," in ji ta. "Na ɗauka za ka faɗa mini da bakinka."

Ya fara bayani, wai tsafta ce, wai wurin ya yi duhu da yawa, wai ko a sito ba a barin kaya haka. Ba ta saurare shi ba. Ta laluba ta kama hannuna ta miƙe.

"Auta, kafin ki tafi ki shigar mini da kujerar nan ɗaki."

Na ce, "Yaya, gobe fa? Wa zai fito miki da ita?"

Ta ce, "Bar ta a ciki."

Har yau Mai-sito yana fita daji da madubinsa da makullansa, kuma duk baƙon da ya zo sai ya kai shi ya ga tagar. Fentin bai ko dushe ba, don mai kyau ne. Kujerar Yaya tana bayan ƙofar ɗakinta, an ɗora mata kwandon wanki.