Ranar da Baba ya gane motarsa da kunne

Akwai wata safiya a tashar motar Safana da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun ɗan ja, furfura ta fara leƙo mini a gemu, amma har yau in na ji tsohuwar mota ta yi tari kafin ta tashi sai na waiwaya. Bari in faro daga tushe, don in ban faɗi wautar da na tafka ba, ba za a gane abin da ya kai mu can ba.

Mu mutanen Karare ne, a ƙasar Batsari. Mahaifina manomi ne, gero da dawa da gyaɗa, kuma yana da wata farar a-kori-kura wadda ta girme ni. Wata shekara da gyaɗa ta yi albarka ya je har Kaduna ya sayo ta sabuwa fil, lokacin ana haɗa irinta a can. Da ita ake kai hatsi kasuwa, da ita ake kai jere, da ita ake kai mai naƙuda asibiti. Ni kaina, an ce saura ƙiris a haife ni a bayanta.

Kada Allah ya sa ka yi kuskuren yaba motar nan a gaban Baba, don ranar ka gama aiki. Zai zaunar da kai ya ba ka tarihin kamfanin tun daga farko, yadda ya ji daga bakin wani tsohon bakanike da ya taɓa aiki a masana'antar. Wai Turawan da suka kafa shi 'yan gida ɗaya ne, kuma ba da mota suka fara ba. Zarto suka fara ƙerawa da ɗan injin niƙa na hannu, daga baya suka shiga keke, sannan mota. "To wanda ya faro daga injin niƙa," in ji Baba, "ai ya san abin da ake nufi da aikin kullum." Daga nan sai ya gangaro kan yadda suka zo ƙasar nan suka kafa wurin haɗawa, ya buga bodin da tafin hannu ya ce hannun ɗan ƙasa ne ya ɗaure kowane noti a jikinta. Ƙarshen labarin kullum ɗaya ne: "Ba ta taɓa kwana da ni a daji ba." Mun ji wannan magana har mun haddace, muna ganin ya ɗauko ta sai mu riƙa taɓa juna muna dariya a ɓoye.

Zamani ya juya. Aka daina yin irinta, motoci 'yan Kwatano suka cika hanya. Inna, mahaifiyarmu, ta rasu wata damina a hanyar asibiti ina Katsina wurin aiki. Bayan nan idon Baba ya fara rauni har ya daina gani gaba ɗaya. Sai kuma rashin tsaro ya matsa wa ƙauyukanmu, muka kwaso shi da ƙanwarsa, Goggo, muka dawo da su cikin garin Batsari. Motar ta biyo su, aka ajiye ta a gindin darbejiyar ƙofar gida.

Baba bai ƙara tuƙi ba, amma bai rabu da ita ba. Kullum in ya dawo daga masallaci da safe zai lalubo ƙofar, ya shiga, ya murɗa makulli. Ta yi tari sau biyu, ta kama. Sai ya bar injin yana aiki a hankali, shi kuma yana zaune, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan a kan kujerar gefe, bakinsa yana motsi. In ya ɗauki lokaci sai ya kashe, ya fito ya sha koko. Ni a wurina wannan ɓarnar mai ce kawai da rigimar tsufa.

Gaskiya kuma, kunya nake ji. Na zama ma'aikaci, ina zuwa gida da abokan aiki, abin da za su fara gani shi ne akwalar nan, fenti ya koɗe, an ɗaure ƙofar baya da igiya. Wani ma ya taɓa tambayata cikin raha ko kaji ake kiwo a ciki. Ranar na ƙudurta sai na fitar da mahaifina kunya. Zan sayar da ita, in kawo masa mota mai sanyi, ƙanena ya riƙa kai shi duk inda yake so.

A nan ne na yi abin da ɗan gidanmu bai kamata ya yi ba. Ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, "mutumin Katsina" yake ce mini, kafin nan kuma "wancan". Bai taɓa yi mini musu ido da ido ba, bai taɓa neman wani abu a hannuna kai tsaye ba. In yana da magana da ni, Goggo yake gaya wa ta kawo. In ni ke da magana mai nauyi, ta wurinta ake bi, ita za ta dawo da ainihin amsarsa. Na san wannan sarai. Amma boko ya hau mini kai, na ce wane irin zagaye ne wannan, ni da ubana?

Na same shi a zaure, na durƙusa muka gaisa, na zayyana masa shirina ina ta murna. Ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Can ya ce, "Allah ya yi albarka." Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin. Akwai wata 'yar igiyar fata da ke ɗaure da shi tun ina yaro, ta yi baƙi don tsufa. Ya daɗe yana kwance ta da farce, ya mayar da ita aljihu, ya miƙo mini makullin tsirara. Wallahi ko a jikina. Cikin mako guda dillali ya haɗa ni da wani direba mutumin Runka, ya zo ya ja ta ya tafi.

Sabuwar mota ta zo, maƙwabta suka yi ta sa albarka, ni kuma ina ta hura hanci. Baba ya shiga sau ɗaya, aka zaga da shi gari, ya ce madalla. Na koma Katsina ina jin na yi abin kai.

Bayan kamar wata biyu Goggo ta sa aka kira ni a waya, ta ce in zo. Na tarar Baba ya zube. Ba ciwo ba, ba zazzaɓi ba, abinci ne kawai ba ya shiga, kuma in ya dawo masallaci sai ya tsaya jim a gindin darbejiya, ya wuce ɗaki ya kwanta. Goggo ta ja ni kicin ta rufe ni da faɗa.

"Kai wane irin yaro ne? Mi ya hana ka biyo ta wurina?"

Na ce, "Goggo, ai na tambaye shi, ya sa albarka."

"Ya sa albarka! To da mi kake so ya ce? Kai ɗan fari, ka durƙusa gabanshi da kyauta a hannu, ya buɗe baki ya ce ba ya so? Ko wuƙa ka sa mashi ba zai faɗa ba." Ta goge ido da gefen mayafi. "Kai ka san inda uwarka ta cika?"

Na ce a hanyar asibiti.

"A hanya, a kan mi? A kujerar gaban motar nan, kanta a kafaɗarshi, yana tuƙi yana mata kalmar shahada. Wannan zaman da kake gani yana yi da safe, addu'a yake mata. Kabarinta yana Karare, ba ya iya zuwa. Wurin nan kaɗai ya rage mashi, kai kuma ka saida."

Na rasa inda zan sa kaina. Shekara da shekaru na san a hanya ta rasu, amma ban taɓa tambayar kaina a ina take zaune ba. Na fita bayan gida na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar jana'izarta.

Washegari na fara neman mutumin Runka. Da ƙyar dillali ya samo mini shi a waya. Na ce ya dawo mini da motar, duk abin da ya ce zan yi. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Tun da na fara tuƙi ban riƙe mota mai amana irin wannan ba. Hanyarmu in ruwa ya sauka babu mai shiga sai ita. In na ba ka, mutanen garinmu su hau me?" Na yi ta roƙonsa, sannan na gaya masa dalili. Sai ya ce Runka ba ta shiguwa gare mu yanzu saboda rashin tsaro, amma ranar kasuwa yana fitowa Safana, in kawo tsohon.

Wannan karon ta wurin Goggo na bi. Ban san yadda ta shirya maganar ba, ta dai ce masa mutumin Katsina yana so ya raka shi Safana. Bai tambayi dalili ba. Ya sa farar rigarsa, muka kama hanya da hantsi.

Tashar ta cika maƙil. Babura, motocin haya, masu lodin buhuna, kowa da hayaniyarsa. Na shimfiɗa masa darduma a inuwar wata rumfa, na tsaya ina ta leƙen hanya, ina tsoron kada mutumin ya saɓa. Ni mai ido ban ga komai ba tukuna, sai na ga Baba ya ɗaga kai, ya karkata kunne yamma. Ya ɗaga hannu kamar mai cewa a yi shiru.

"Ga ta nan," ya ce.

Na duba, babu ita. Sai da aka ɗan jima sannan ta ɓullo daga bayan wata babbar mota, ta sha lodi har ta durƙusa, buhuna da mutane da akuya biyu a sama, taɓo har gilashi. Baba ya riga ya miƙe ba tare da sandarsa ba. Fuskar nan da na yi wata biyu ban ga haƙoranta ba, sai ga ta tana murmushi.

Direban ya sauko ya durƙusa har ƙasa. Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida da iyali da damina da mutanen Runka da haƙurin abin da ake ciki. Sannan Baba ya ce, "Kada ka kashe ta tukuna." Ya dafa bonet, ya saurara. "Fulogi ɗaya yana son wanki. Kuma kana matsa mata a giya ta biyu, ba ta so." Mutumin ya riƙe baki ya dube ni, ya ce wallahi tun shekaranjiya yake jin hakan.

Baba ya zagaya ta yana shafawa, har ya kai ga igiyar ƙofar baya ya yi dariya. Ya tambayi me take ɗauka yanzu. Direban ya ce hatsi, da marasa lafiya, da masu naƙuda, ranar da rashin tsaro ya tashi gari kuma ita ta yi ta sawu tana fitar da mata da tsofaffi. Baba ya ce, "Ta taɓa kwana da kai a daji?" Ya ce ko sau ɗaya. Baba ya gyaɗa kai, ya ce, "Haka take."

Sai ya nemi alfarma a bar shi ya ɗan zauna a ciki. Fasinjojin gaba suka sauka. Ya shiga mazaunin direba, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan ya lalubi kujerar gefe ya ajiye a kai. Bakinsa ya fara motsi, hawaye yana bin gemunsa.

Da ya fito, direban ya cire makulli ya kama hannun Baba ya danƙa masa. Ya ce, "Baba, ka tafi da abarka. Allah zai ba mu wata." Zuciyata ta yi fari, na ce shi ke nan, na gyara ɓarnata. Amma Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar igiyar fatar nan. Ashe duk kwanakin nan tana tare da shi. Ya zura ta a makullin, ya ƙulla da kyau, ya mayar wa mutumin.

"A wurina tsayuwa take yi," ya ce. "A wurinka aiki take. Waɗanda suka ƙera ta ba don gindin bishiya suka yi ta ba. Sai dai in ka ɗauki mara lafiya a kujerar nan, ka bi da shi a hankali."

A hanyar komawa na kasa daurewa, na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya juya fuska wajen taga, yadda ya saba in zai yi magana da ni, ya ce, "A gaya wa mutumin Katsina bai yi komai ba." Ranar ya ci tuwo sosai, Goggo ta ce har da ƙari.

Bai kai wata damina ba Allah ya karɓi abinsa. Ranar addu'ar uku muna zaune a ƙofar gida da safe, sai na ji ƙarar injin nan ta shigo layinmu. Kafin hankalina ya dawo har na miƙe tsaye, raina yana ce mini Baba ne ya dawo daga kasuwa. Mutumin Runka ne ya zo ta'aziyya. Ya ajiye ta daidai gindin darbejiya, inda tabon baƙin mai yake har yanzu.

Abin da na koya, na koye shi a makare. Shirun iyaye ba yarda ba ce, kuma abin da kake gani tarkace a hannun tsoho, ba ka san me ya ajiye a ciki ba. In za ka yi musu alheri, ka tambaye su ta ƙofar da za su iya ce maka a'a. Ni na tambaya ta inda babu amsa sai albarka, aka sa mini, na tafi da ita ina murna, na bar mahaifina ba shi da wurin da zai zauna ya tuna da matarsa.