Sunan da Hajiya Dije Ta Ƙi Faɗa

Bana shekara tara ke nan da muka binne kakata, Hajiya Dije, a bayan birnin Paris, nesa da ƙauyensu na ƙasar Maraɗi. Mahaifina ne ya kawo ta Stains, unguwarmu a gefen Paris, ganin likita. Ta ce wata uku za ta yi, sai ga shi ta shekara shida tana mitar sanyi da matakalar bene. Ina kewarta ƙwarai, amma na daɗe ina jin haushinta, don ta tafi da abin da na roƙa har na gaji, wato sunan mijinta.

Tanko muka san shi, Tanko ne kuma a fasfo ɗinmu duka. To amma Tanko laƙabi ne na namijin da aka haifa bayan mata, ba shi liman ya raɗa masa ba. An ɗauke shi soja zamanin mulkin Faransa tana da cikin mahaifina, ya ƙetare teku bai dawo ba. Maraya ne, baƙo a ƙauyen, babu dangin da za a tambaya. Ita kaɗai ta san sunansa na yanka, kuma matan zamaninsu ba sa faɗin sunan miji ko da wuƙa a wuya.

Sau nawa na zauna gabanta da waya a kunne ina ɗaukar murya. Sai ta ja mayafi ta ce, "Kai, ja can! Ni in hwaɗi sunan Malam da bakina? Boko ya ɓata ka."

Bayan rasuwarta na koma kan takardu kamar wanda aka yi wa asiri. Wani abokina a Yamai ya ɗauko mini hotunan tsofaffin littattafan ƙidaya. Duk hutun da na samu daga aikina a Lyon sai jirgin ƙasa zuwa Paris, in wuni ina bin rajistar sojoji da ɗan yatsa. Mutum uku na samu da aka ɗiba daga yankinsu a lokacin: Isa, Umaru da Haruna. Babu Tanko ko ɗaya, don magatakardan sunan yanka ya rubuta. Da Kaka za ta gan ni yau ina ƙara girman rubutun Nasara a kwamfuta, cewa za ta yi na rasa aikin yi.

A bara matata ta haifi namiji a Villeurbanne, kusa da Lyon. Na ƙudurta sunan kakana zai ci. A nan kuwa kwana biyar hukuma ke bayarwa a rubuta sunan jariri, ba ta jiran ranar suna. Kwana uku suka wuce ina juya sunaye ukun nan, na kasa zaune na kasa tsaye. Da na kai wa mahaifiyata kuka ta waya, sai ta ce, "Tsaya. Mahaucin da muke sayen rago wurinshi a Château Rouge, ai Hajiya ba ta taɓa kiran shi ba. Mai sunan Malam take ce mishi. Ni kam Alhaji nike ce mishi, ban san sunanshi ba."

Washegari na hau jirgin farko zuwa Paris, na nufi unguwar Château Rouge. Shagon ya koma na sayar da waya. Na yi ta tambaya har na dace da wani tsoho mai atamfa, mutumin Damagaram. Sai da muka gaisa gaisuwa mai tsawo kafin ya ce, "Wanga mahauci ya koma gida tuni. Malam Haruna ke nan."

Shekara shida tana faɗa mana a tsakiyar kasuwa, ta hanyar da ta iya, mu ne ba mu da kunnen ji. Har yau ban san inda aka binne kakana ba, rajistar sojojin ba ta ce komai ba, kuma abin bai bar ni na huta ba. Haushin Kaka dai ya fita daga raina, sai kunyar yadda na matsa mata.

Ranar suna liman ya ce, "Sunan yaro Haruna." Mahaifina, mai shekara tamanin da 'yan kai, ya sunkuyar da kai yana hawaye, don ranar ya fara jin an ambaci ubansa a bainar jama'a. Da aka miƙa masa jaririn ya buɗe baki zai kira shi, ya kasa. Sai ya ce da shi, "Abba." Da Abba muke kiransa har yau, ni ma da na yi shekaru ina neman sunan ban iya faɗinsa a gaban mahaifina. Allah ya jiƙan Hajiya Dije.