Ranar da Jibo Ya Ƙi Sauka

Shekara goma sha huɗu Jibo ya yi yana dakon buhunan gero a kan keke zuwa kasuwar Bukkuyum, kuma duk tsawon lokacin babu wanda ya taɓa yabonsa da komai sai ƙarfin ƙwauri. Shi ma abin da yake taƙama da shi ke nan. In ya zauna a majalisa sai ya naɗe ƙafar wando don a gani.

A bara matarsa Sahura ta yi yaji, don ta gaji da mijin da ya fi shafa wa sarƙar keke mai a kan ya tambayi lafiyarta. Sau uku yana zuwa biko. A na uku surukinsa, Malam Yusufu, ya sauko, ya ce ya dawo ran Asabar da la'asar ya tafi da ita.

Ashe ran Asabar ɗin da safe matasan gari suka sa tseren keke. Jibo bai taɓa tsere da kowa ba, sai dai jaki, amma ya kai sunansa. Ya tafi neman shawara wurin Makau mai faci, mutumin da rabonsa da hawa keke tun kafin ya ajiye tumbi.

"Ka cire kariyar ɗora kaya, ka sha ruwa kaɗan," in ji Makau. "Kuma kak ka sauka ma kowa. Gaisuwa ita ka kashe ɗan tsere."

Jibo ya haɗiye maganar nan ɗungurungum, ko taunawa bai yi ba.

To, a ƙasar nan ko ɗan yaye ya san mai keke ba ya wuce surukinsa a kan sirdi. Sauka ake yi, a tuɓe takalmi, a durƙusa. Hanyar tseren kuwa ta ƙofar gidan Malam Yusufu ta bi, ga shi zaune a tabarma da dattawan unguwa biyar. Jibo ya gan su sarai. Ya ji hannunsa ya kai kan birki, sai ya tuna da Makau. Ya sunkuyar da kai, ya ɗaga musu hannu kamar direban mota, ya wuce. Don wauta har da kaɗa ƙararrawa.

Su goma sha biyu suka yi tseren, shi ne na tara.

Da la'asar ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya je ya zube gaban surukin yana jero gaisuwa. Tsohon ya bar shi a durƙushe har ƙafafun nan da yake ji da su suka fara rawa, sannan ya dube shi.

"Tashi ka wuce, Jibo, na ga sauri kaka yi. Ɗiyata tana nan gidan ubanta."