Gitar da na jona da ordinater, da abin da Inna ta ji

Jiya da hantsi Inna ta leƙo ɗakina ta iske ni ina kaɗa gita, amma babu abin da take ji sai ƙyas-ƙyas.

Amplina, abin ƙara sautin gita, ya ƙone, shi ya sa na jona gitar kai tsaye da ordinater, wato kwamfuta. Sautin da na ɗauka ya fito a shaƙe cikin abin saurare, da kaushi, har ina shirin gogewa.

Na sa mata abin saurare a kunne. Ta saurara har ƙarshe.

"Inna, ya ɓaci ko?"

"Kar ka taɓa shi. Haka muryar babanku take dushewa in ya dawo daga kasuwar dabbobi."

Babanmu ya rasu ina jariri. Tun jiya nake ta maimaita sautin nan.

Ku fa, wane sauti ke tuna muku da wani naku?