Wanda Ya Koro Shanun

A zangonmu na Lome ba a cin nama sai an bi diddiginsa. Na yi shekaru ina sayar da tuwo a gefen masallaci, kuma da wuya in wuni wani bai tsayar da hannunsa a kan kwano ya ce, "Magajiya, wa ya yanka?" ba. Muna zaune cikin mutanen da ba addininmu ɗaya ba, saboda haka kowa ya ƙware a wannan bincike. Tsoka ɗaya za a bi ta daga tukunyata zuwa teburin mahauci, daga can zuwa abatuwa, har a gano malamin da ya riƙe wuƙa, da ko ya fuskanci alƙibla. Mutumin da bai san ajin da ɗansa yake a makaranta ba, wannan kam ya sani.

Wata shekara mahaucina ya fara aiko min da nama a kan wani dattijo. Dogo ne, gemunsa ya yi furfura, Hausarsa ta can arewa ce, bayan iyaka. Zai sauke tire, ya gaishe ni, ya juya. Ƙafafunsa na fara lura da su. Kaushi ya tsattsage su har ana ganin ja a ciki, irin ƙafar da ta ci hanya, ba ta ɗan dakon kasuwa ba. Wata safiya na tsare shi da koko da ƙosai, na ce, "Baba, zauna, naman ba zai gudu ba." Da ƙyar ya zauna, da ƙyar kuma na ciro labarin daga bakinsa.

Shanu ya koro da ƙafa tun daga ƙasarsu, na wani Alhaji babban dillali da ke unguwarmu. An yi da shi cewa in ya kawo su za a sallame shi ya hau mota ya koma. Ranar da ya iso Alhaji ya karɓi katinsa na shaida, wai ajiya, kada ya faɗi a kasuwa. A wancan zamani na jam'iyya ɗaya, hanyar arewa cike take da shingen soja da jandarma. Baƙo marar kati ko shingen farko ba zai wuce ba, in ma ya yi sa'a bai kwana a rufe ba. Damina ɗaya ta riga ta wuce yana nan. Da safe Alhaji ya ara wa mahauta shi ya yi dakon nama, da yamma ya yanko wa dabbobi ciyawa. Ladansa tuwo da tabarma a zaure. Duk lokacin da ya tambayi katinsa sai a ce sai an gama sayar da shanu, kuma kafin na jiya su ƙare an koro wasu.

"Uwar gida, ba wahalar ce ta dame ni ba," in ji shi. "A garinmu gonar da ta yi damina biyu ba shuka, mai gari ba wa wani yake yi. 'Ya'yana ƙanana ne. In ban shuka bana ba, gonata ta tafi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni dama ba a san ni da haɗiye magana ba, mijina ya sha cewa bakina ya riga hankalina tashi daga barci. Ko wanke hannu ban yi ba na nufi teburin mahaucin, na zazzage masa abin da na ji.

"Yaya, ni nama na saya, ban sayi mutum ba," ya ce, yana sara ƙashi ko kallona bai yi. "Alhaji ya ba ni aro, na ce ba na so? Namana halal ne, kowa ya san malamin da ke yanka min."

Na ce na san wanda ya yanka, wanda ya koro nake tambaya. Ya dube ni kamar na yi masa Yarabanci.

Daga nan sai gidan Alhaji. Mutum ne mai fara'a, shi ya sa ya fi ba ni haushi. Shi ke tara matan unguwa in za a yi rawar jam'iyya, shi ke raba musu atamfar anko, kowane jandarma na gaishe shi da suna. Ya sa aka kawo min lemo mai sanyi.

"'Yata, wannan ai baƙona ne. An taɓa korar baƙo a zango? Yana ci, yana sha, walahi ko ciwon kai bai yi ba. Kati na nan lafiya lau. Bon, shi ke nan, a bar ni in gama da shanun nan."

Na ce, "Alhaji, baƙo ai shi ke cewa zai tafi." Ya yi dariya ya ce in gaida mai gidana. A wurinmu wannan kora ce.

Na kai wa limamin unguwa maganar, na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, "Allah gafarta Malam, saniyar da aka koro da gumin mutum ba a sallame shi ba, ya namanta yake?" Malam mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce zalunci haramun ne, babu ko shakka, amma zunubin na wuyan mai shanu, nama kuwa in an yanka shi daidai ya halatta. Ya ce zai yi wa Alhaji nasiha a asirce. Na san asircen nan. Rufin masallacin da muke magana a ƙarƙashinsa Alhaji ne ya sa.

Sai na ce to ni dai ba da tukunyata ba. Na bar mahaucina na koma wurin wani a can unguwar Amutive. Ba a yi kwana nawa ba na ji ashe shi ma daga garken Alhaji yake saye. Na koma wajen na uku, haka. Duk inda na juya, saniyar guda ce, wuƙar ce kawai ta bambanta. Masu cin tuwona kuwa da suka ji na sauya mahauci suka tasar min da bincike, wa ya yanka, ɗan wane ne, yana salla? Na ce musu ga mutum can an tsare shi shekara guda kan naman nan da kuke ci. Sai a ce "Allah sarki," a miƙo kwano a ce in ƙara romo. Na koma miyar kifi don haushi, rabin mutanena suka koma wurin maƙwabciyata.

Bakina dai ban rufe ba. A famfo na faɗa, a gidan suna na faɗa, a layin masu niƙa na faɗa. Har aka fara cewa Magajiya ta samu taɓin hankali a kan wani tsoho.

Ruwa yakan fara sauka a Lome kafin arewa. Ranar da aka yi na farko na hangi dattijon ya wuce da tire a ka, ya jiƙe sharkaf. Ya tsaya a rumfata, ya dubi sama ya ce, "Uwar gida, wannan ruwan arewa za shi. Shi ba mai tambayarsa kati." Na zuba masa tuwo, ya kasa ci.

Bayan 'yan kwanaki sai ga tsohon mahaucina da kansa a rumfata, ɗauke da cinya mai kyau, yana washe baki.

"Yaya, an gyara! Maganarki ta kai kunnen manya. Alhaji ya ce ba ya son surutu. Daga yau naman da za ki saya, wannan tsohon bai taɓa shi ba. Ni da kaina zan riƙa kawo miki."

Cikin murna na ce, "An ba shi katinsa? Ya tafi?"

"A'a, wa ya ce? An kai shi garke, can daji bayan gari. Can zai riƙa kiwo. Ba za ki ƙara ganinsa ba, balle ranki ya ɓaci."

Yana faɗa yana murna tsakaninsa da Allah, shi a ganinsa ya kawo min abin da na nema. Na ce ya ɗauke min namansa daga rumfa kafin in yi masa abin da za a kira jandarma. Bai ko yi taku goma ba maƙwabciyata ta saye cinyar.

Na yi ta tambayar inda garken yake, kowa ya nuna min wani gefe daban. Ina cikin nema direbobin da ke sauko da albasa suka iso zango. Na tambayi ɗaya daga cikinsu labarin damina a wajen su dattijon. Ya ce alhamdu lillahi, bana ruwa ya sauka da wuri, kowa ya gama shuka, gero har ya rufe ƙasa.